Yadda ake cin kwas ɗin agajin gaggawa na 'yan sintirin ƙanƙara a Amurka

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a jihar Kolorado, shekara uku ke nan ina wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara. Bana na ba da sunana zan shiga 'yan sa-kai masu sintiri a dutsen da nake zuwa, aka ce sai na ci kwas ɗin da ake kira OEC tukuna. Ban taɓa karatun lafiya ba, kaurin littafin kuma ya karya mini gwiwa. Ta ina zan fara, kuma me ke kayar da mutane?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah Ya ba da sa'a, Ya sa a yi a kan daidai. Kaurin littafin nan kada ya dame ka, domin da wuya ka ga wanda littafi ya kayar a wannan kwas. Inda ake faɗuwa shi ne jarrabawar aiki, lokacin da aka kwantar maka da mutum a ƙasa yana nishi, malamai suna tsaye da takarda da biro, kai kuma komai ya kwance maka. Ilimin yana nan a kanka, tsarin da za ka bi ne ya watse. Saboda haka galibin abin da zan faɗa maka a kan tsarin duba majiyyaci ne, da yadda za ka maimaita shi har hannunka da bakinka su riƙa yi ko da kanka ya ɗau zafi.

Ƙungiyar da ke ba da kwas ɗin ita ce National Ski Patrol, wadda Charles Minot Dole ya kafa a 1938, bayan shi kansa ya karye a idon sawu a kan dutse a Stowe ta jihar Vermont, ya ga wahalar da aka sha kafin a sauko da shi. Majalisar dokokin Amurka ta ba ta takardar amincewa a 1980, hedikwatarta kuma tana nan Lakewood a jiharku. Likita Warren Bowman ne ya tsara manhajar a shekarun 1980, da farko don agajin lokacin sanyi kaɗai, daga baya aka faɗaɗa ta aka ba ta sunan Outdoor Emergency Care, wato OEC a taƙaice, ma'ana agajin gaggawa a fili. Yawanci ana yin kwas ɗin daga ƙarshen bazara zuwa kafin a buɗe duwatsu, awa tamanin zuwa ɗari da wani abu, wani sashe ta intanet, wani sashe ido da ido. A ƙarshe akwai jarrabawar rubutu mai tambaya 100 ta zaɓi-ɗaya, ana neman 80, sai jarrabawar aiki. Za a kuma nemi ka riƙe shaidar horon farfaɗo da zuciya irin na ma'aikatan ceto, wanda a wurare da yawa daban ake yin sa. Ka tambayi shugaban kwas ɗinku tun makon farko, kada sai an kusa gamawa ka tarar ba ka da ita.

Maganar karatu gajeriya ce. Ka karanta babin kafin ranar da za a koyar da shi, saboda awannin da ake haɗuwa na aikin hannu ne, wanda ya zo bai karanta ba yakan ɓata su wajen tambayar abin da ke shafi na biyu. Babukan farko na sassan jiki su ne masu nauyi, domin cike suke da kalmomin Latin da Girkanci. Kada ka haddace su ɗaiɗai. Ka koyi gutsattsarin da ake haɗa su da su, kamar wanda ke nufin sama da kima, da ƙasa da kima, da sauri, da jinkiri, da jini, da numfashi. Gutsure talatin ko arba'in za su buɗe maka ɗaruruwan kalmomi. Sannan, in da ma'aunin mita da kilo ka tashi, ka zauna dare ɗaya ka daidaita kanka da nasu: zafin jiki 37 shi ne 98.6 a wurinsu, 35 shi ne 95, inci ɗaya santimita biyu da rabi ne, kilo ɗaya fam 2.2 ne. Abin takaici ne mutum ya san amsa ya rasa maki saboda ma'auni. Tambayoyin rubutu kuma da yawansu ba gaskiya da ƙarya suke tambaya ba. Za ka ga amsoshi uku duk abin yi ne, abin da ake nema shi ne wanda za a fara yi. Duk inda ka ga haka, ka koma kan tsarin nan da ke tafe, amsar tana ciki.

Tsarin yana farawa tun kafin ka taɓa kowa. Ka iso, ka tsaya, ka duba wurin: akwai masu gangarowa daga sama da za su iya afka muku? Akwai bishiya, ko ƙanƙarar da za ta zame da ku, ko injin gyaran hanya? Ana kafa sandunan zamiya biyu a gicciye a saman wurin, nesa kaɗan, yadda mai tahowa zai hango ya kauce. Sai safar hannu ta roba. Sai ka ƙirga: mutum nawa ne suka ji ciwo? Sai ka tambayi kanka me ya faru, faɗuwa ce, karo ne da bishiya, ko rashin lafiya ne ya kayar da shi? Wannan tambaya ta ƙarshe ita ke yanke ko za ka damu da ƙashin wuya da na baya. Duk wannan bai fi daƙiƙa ashirin ba, amma a cikinsa ɗalibai da yawa suke zubar da jarrabawarsu, saboda ihun mai ciwo yana jan mutum ya ruga kai tsaye.

Ka tunkare shi ta gabansa, ta inda zai gan ka ba sai ya juya wuya ba. Ka faɗi sunanka, ka ce kai ɗan sintiri ne, ka nemi izinin taimaka masa. Neman izinin nan doka ce. Baligi mai hankalinsa yana da ikon ƙi. Wanda ya suma ana ɗauka ya yarda. Yaro kuma ana neman iyayensa, amma in rai na cikin haɗari ba a jira.

Daga nan sai duban farko, wanda manufarsa ɗaya ce tak, gano abin da zai kashe mutum cikin mintuna. In jini na tsartuwa, shi ne gaba da komai: danna da ƙarfi, in bai tsaya ba kuma a hannu ne ko ƙafa, a ɗaura maɗaurin tsai da jini santimita biyar zuwa bakwai sama da raunin, ba a kan gaɓa ba, a murɗa har jinin ya tsaya, a rubuta lokacin. Sai matakin hankalinsa: a farke yake, ko sai an yi magana yake amsawa, ko sai an mintsine shi, ko ba ya amsawa sam. Sai hanyar iska, sai numfashi, sai bugun jini da yanayin fata. Wanda ya amsa maka da cikakkiyar jimla ya riga ya nuna maka hanyar iskarsa a buɗe take kuma yana numfashi, amma sai ka faɗa da baki cewa ka lura. Da ka gama wannan, ka yanke hukunci: na gaggawa ne ko mai iya jira? Sai ka ɗauki oba-oba ka kira. Ka faɗi namiji ne ko mace, kimanin shekaru, abin da ya same shi, ainihin inda kuke, kayan da kake so, da ko a kira motar asibiti. Jinkirin wannan kira kuskure ne da ake yawan yi. Ɗalibi ya shagala da tambayoyi minti takwas, sannan ya tuna bai kira tobogan ba, wato jirgin jan da ake sauko da majiyyaci a ciki, alhali a kan dutse kayan na iya ɗaukar minti goma kafin su iso, mutum kuma yana kwance a kan ƙanƙara.

A nan akwai tarkon da malamai ke ɗanawa da gangan, kuma suna da gaskiya. Za a ba ka mutum mai karyayyen wuyan hannu yana kururuwa, hannun ya lanƙwashe abin tausayi. Idonka zai tafi can. Amma an gaya wa mai kwaikwayon cewa in ka danna cikinsa ta hagu ƙarƙashin haƙarƙari ya yi ƙara, domin saifarsa ta fashe. In ba ka taɓa cikin ba, ba zai ce komai ba. Ka ɗaure hannu tsaf, ka faɗi. Maganin wannan shi ne duba na biyu, daga kai har ƙafa, da hannu, kowane lokaci, ko da mutum ya rantse maka gwiwa ce kaɗai ke damunsa: ƙoƙon kai, idanu, kunne da hanci, wuya, kafaɗu, ƙirji, ciki kashi huɗu, ƙugu, cinyoyi, ƙwauri, hannuwa, baya. Kuma taɓawa ta gaske, domin ta saman rigar sanyi mai kauri shafa ba ta gano komai. Inda ke ciwo a buɗe a gani da ido, a rufe nan da nan saboda sanyi.

Tambayoyin tarihin majiyyaci an tattara su a kalmar SAMPLE, kowane harafi farkon tambaya ɗaya ne a Turanci: alamomin da yake ji, abin da jikinsa ba ya so, magungunan da yake sha, cututtukan da yake da su, abin da ya ci ko ya sha na ƙarshe, da abin da ya faru daf da hatsarin. Kada ka karanto su kamar mai cika fom. Ka saurari amsa, domin a cikinta ake ɓoye rabin jarrabawar. In ya ce yana shan maganin tsinka jini, ƙaramin bugun kai ya zama babba. In ya ce yana allurar ciwon suga kuma bai karya ba, ruɗewar da kake gani mai yiwuwa sugansa ne ya faɗi, in yana iya haɗiya a ba shi kimanin giram 15 na suga. In ya ce jiri ya ji kafin ya faɗi, to zuciya ko ƙwaƙwalwa za ka fara zargi, faɗuwar ta biyo baya ne. Ka kuma duba wuyan hannu da wuya, masu irin waɗannan cututtuka sukan sa abin hannu ko sarƙa mai rubutu.

Alamomin rai ka haddace iyakokinsu ga baligi: bugun jini 60 zuwa 100 a minti, numfashi 12 zuwa 20. Abin da ya fi lamba ɗaya amfani shi ne inda lambobin suka dosa, shi ya sa ake maimaita awo duk minti biyar ga wanda ke cikin haɗari, duk minti goma sha biyar ga wanda ya daidaita. Bugu na hawa, numfashi na hawa, fata ta yi sanyi da gumi, mutum ya fara rashin natsuwa: jini na zuba a ciki ke nan, ko da awon jininsa, wato BP, bai sauka ba tukuna. Awon jini ba ya faɗuwa sai an rasa kusan kashi uku cikin goma na jinin jiki, yara ma sun fi daɗewa suna riƙewa sannan su rushe farat ɗaya. Wanda ya jira awon jini ya sauka kafin ya ce akwai matsala ya makara.

Yanzu ga abin da nake so ka fi riƙewa. Mai ba da maki ba ya ganin zuciyarka. Abin da bai ji ba, bai gani ba, ba a yi shi ba. Ka duba wurin ka ga lafiya, ka ce wurin lafiya. Ka ji bugu, ka ce na ji bugu, mai ƙarfi, mai sauri. Kana zargin wuya, ka ce ina zargin rauni a wuya, wane riƙe mini kai. Mu da aka rene mu a kan kunya da kawaici, wannan na yi mana wuya fiye da yadda muke zato. Ba mu saba ɗaga murya gaban malami ba, ba mu saba ba wanda ya girme mu umarni ba, ba mu saba taɓa baƙo ba, balle mace. A wurin hatsari kuwa kai ne jagora, ko da wanda ya zo taimaka maka ya yi jika da kai. Ka kira shi da suna, ka ba shi aiki ɗaya bayyananne, ka tabbata ya yi. Wajen taɓawa, ladabin aikin shi ne ka faɗa kafin ka taɓa: zan danna cikinki yanzu, ki gaya mini in da zafi. Haka ka kiyaye mutuncinta, ka kuma cika aikinka. Tsallake ƙirji ko ƙugu saboda kunya na iya zama sanadin rasa rai.

Hanyar koyon wannan ita ce maimaici a gida. Ka samu mutum biyu ko uku daga ajinku, ku riƙa haɗuwa sau ɗaya a mako ban da ranar aji. Ɗaya ya kwanta, ɗaya ya duba, ɗaya ya riƙe takardar matakai yana bi, ya sa agogo. A takardun nan akwai matakan da aka yi wa alama, waɗanda tsallake ɗaya ya isa ya kayar da mutum ko da sauran sun yi kyau. Su za ka fara sani. Sauran ranakun ka duba iyalinka, ko matashin kai ma, da murya a sama, sau biyu ko uku kowane dare, minti biyar-biyar. Bayan wata guda ku fita waje: da dare, da fitilar goshi, a kan gangare, mai kwaikwayon sanye da hular kwano da takalmin zamiya da riga uku. Ƙullin da ka iya a falo, yatsunka ba za su iya shi a sanyi ba sai sun saba.

Ɗauri shi ne abin da za ka fi yi a kan dutse, domin gwiwa, ƙwauri, kafaɗa da wuyan hannu su ne cin yau da kullum. Masu zamiya da sanduna biyu, ɗaya a kowace ƙafa, sun fi jin ciwo a jijiyoyin gwiwa da babban yatsan hannu, da karayar ƙwauri daidai bakin takalmi. Masu zamiya a kan allo ɗaya sun fi karya wuyan hannu da goce kafaɗa, saboda da tafin hannu suke tarar ƙasa. Ƙa'idar ɗaya ce: in ƙashi ne, a hana gaɓar sama da ta ƙasa motsi, in gaɓa ce, a hana ƙashin sama da na ƙasa motsi. Kafin ɗauri da bayan ɗauri, a duba abu uku a ƙarshen hannun ko ƙafar: jini na zuwa, yana iya motsa yatsu, yana jin taɓi. Mantawa da dubawa ta biyu, bayan an gama ɗauri, na cikin manyan abubuwan da ke kayar da ɗalibai, saboda mutum ya ga ɗaurinsa ya yi kyau hankalinsa ya kwanta. Dalilin dubawar kuwa a fili yake: ɗauri na iya matse jijiyar jini, in ba ka san yadda ƙafar take da farko ba, ba za ka san kai ne ka jawo ba. Wanda ya riƙe karayar da hannu kuma ba ya saki sai an ƙulle ɗaurin ƙarshe. Ka cire tunanin aikin mai ɗori na gida daga ranka: ɗan sintiri ba ya gyara ƙashi ya zauna, tsare shi yake yi har a kai asibiti. Kafaɗar da ta goce ana ɗaure ta yadda aka same ta, a cusa naɗaɗɗen bargo tsakanin hannu da ƙirji, a rataye, a ɗaure.

Karayar tsakiyar cinya ta cancanci ka ba ta lokaci na musamman, kusan kullum tana fitowa a gwaji. Cinya na iya shanye lita ɗaya zuwa ɗaya da rabi na jini ba tare da ɗigo ya fito ba, cikin kimanin lita biyar da ke jikin baligi, don haka mai wannan karaya na gaggawa ne tun daga farko. Ana sa masa ƙarfen ja, wanda ke miƙar da ƙafar ya hana tsokar da ta ɗaure tura ƙasusuwan su haye juna. A irin ƙarfen da ke da ma'auni, ana ja kimanin kashi ɗaya cikin goma na nauyin mutum, ba a wuce fam 15 ba, wato kusan kilo bakwai. Ba a sa shi in akwai rauni a ƙugu, ko gwiwa, ko ƙwauri, ko idon sawu na wannan ƙafar, shi ya sa sai ka duba waɗannan kafin ka nemi a kawo shi. A auna tsawonsa a ƙafa mai lafiya. Da an fara ja da hannu, ba a saki har ƙarfen ya karɓa. Ƙugu kuwa in ana zargin ya karye, a danna shi a hankali sau ɗaya kawai, kada a girgiza, a ɗaura maɗaurinsa daidai kan ƙasusuwan da suka turo a gefen cinya ta sama. Ɗalibai sukan ɗaura shi can sama wajen ɗamara, inda ba ya riƙe komai.

Wuya da baya aikin taro ne. Wanda ke riƙe da kai shi ke ƙirgawa, ba mai motsi sai ya ce. A allon baya, wanda ake kwantar da mai rauni a kai don kada bayansa ya motsa, ana ɗaure gangar jiki tukuna, kai a ƙarshe, domin in kai ya ɗauru jiki ya zame, wuya ne zai murɗe. Cire hular kwano mutum biyu ne, ɗaya na riƙe haɓa da ƙeya daga ƙasa, ɗaya na zarewa. Mutane ba sa faɗuwa a miƙe, za ka same su a cukuikuye jikin bishiya, ƙafa ɗaya a ƙarƙashinsu, don haka za a koya maka miƙar da su gaɓa ɗaya bayan ɗaya, ana jan jiki ta tsawonsa, ba ta gefe ba. Ƙa'idojin wanda za a ɗora a allo sun sauya a 'yan shekarun nan, an rage yawan amfani da shi. Ka bi bugun littafin da ke hannunku da ƙa'idar likitan dutsenku, ka bar bidiyon intanet da ba ka san shekararsa ba.

Iskar oksijin lambobi ne, ka haddace su. Siririn bututun hanci lita 1 zuwa 6 a minti. Abin rufe fuska mai jaka lita 10 zuwa 15, kuma sai an cika jakar kafin a ɗora shi a fuska. Wanda ba ya numfashi amma zuciyarsa na bugawa, a hura masa da jakar matsawa sau ɗaya duk daƙiƙa shida, daidai yadda ƙirji zai ɗaga, domin hurawa da ƙarfi na cika ciki da iska ta jawo amai. In zuciya ta tsaya, danna 30 hura 2, sau 100 zuwa 120 a minti, zurfin santimita biyar zuwa shida, a liƙa na'urar girgiza zuciya da zarar ta iso, bayan an share ƙirjin ya bushe. Ka iya lissafin tukunyar oksijin ɗin ma, don ka san minti nawa za ta yi. Ƙaramar tukunyar da ake kira D in ta cika tana nuna kusan 2,000 a agogonta. Ka cire 200 da ake bari, ka ninka da 0.16, ka raba da litar da kake bayarwa. A lita 15, minti 19 ke nan kacal. Wanda ya san haka zai nemi tukunya ta biyu tun a kiran farko.

Sanyi kuma yana cikin kowane hatsari a dutse, ko ba a ambace shi ba. Ƙanƙarar da ke ƙarƙashin mutum ta fi iska zuƙe zafin jikinsa, saboda haka shimfiɗa a ƙasa ta fi bargo a sama gaggawa. Jinin da ya yi sanyi ba ya daskarewa da kyau, mai zubar jini in ya sanyaya zubar ƙaruwa take. Zafin jiki in ya sauka ƙasa da 35 an shiga matsala. Daga 32 zuwa ƙasa karkarwa na fara ɗaukewa, hankali na gushewa. Ƙasa da 28 zuciya na iya rikicewa da ɗan jijjiga kaɗan. Wanda ya daina karkarwa alhali bai ɗumama ba, lamarinsa ya tsananta ne. A ɗauke shi a kwance, a hankali, a nemi bugunsa har minti guda kafin a ce babu. Yatsun da suka daskare ba a murza su, ba a kanga su a wuta. Ana tsoma su a ruwa mai zafin 37 zuwa 39, kuma ba a narkar da su in akwai yiwuwar su sake daskarewa a hanya.

Bugun kai yana zuwa tare da matsalar ƙin karɓar taimako, malamai na son haɗa su. Misalin da duk mai wannan aiki ya sani shi ne na 'yar fim Natasha Richardson, wadda ta faɗi a gangaren 'yan koyo a Mont Tremblant ta Kanada a watan Maris na 2009. Ta tashi tana magana, ta ce lafiyarta ƙalau, ta ƙi a kai ta asibiti da farko. Jini ne ke taruwa tsakanin ƙoƙon kai da rufin ƙwaƙwalwa, kwana biyu bayan haka ta rasu. Irin wannan zubar jini yakan ba mutum ɗan lokaci yana garau kafin ya rushe. In mai bugun kai ya ce zai tafi, ka tabbatar ya san sunansa, da inda yake, da ranar, da abin da ya faru. Ka gaya masa haɗarin ɓaro-ɓaro, ka lissafa masa alamomin da in ya gani ya nufi asibiti: ciwon kai mai ƙaruwa, amai, barci mai nauyi, ruɗewa. Ka nemi wanda zai kasance tare da shi, ya sa hannu a takardar ƙi gaban shaida. In yana maimaita tambaya ɗaya, to ba shi da hankalin da zai ƙi, ka nemi shugabanka.

Akwai abu biyu da suka shafe mu kai tsaye. Littattafai na cewa fata ta yi fari ko ta yi shuɗi, a baƙar fata kuwa ba a fuska za ka ga haka ba. Ka duba cikin leɓe, dasashi, cikin fatar ido ta ƙasa, da farce. 'Yar na'urar da ake maƙalawa a yatsa ma an tabbatar tana iya nuna oksijin sama da yadda yake a masu duhun fata, a yatsa mai sanyi kuma ba ta da tabbas ga kowa, don haka mai haki ka yarda da hakinsa. Na biyu, duwatsun jiharku dogaye ne, garin Breckenridge kansa yana kusan mita 2,900 sama da teku, ciwon tsauni kuwa na farawa daga wajen mita 2,500. Ciwon kai da tashin zuciya su ne na farko. Haki a zaune da tari, ko tangaɗi da ruɗewa, na nufin a sauko da mutum nan take. Mai ɗauke da rabin sikila, wanda muke ce wa AS, saifarsa na iya toshewa a irin wannan tsayi, ya zo da ciwo mai tsanani a hagun ciki ta sama ba tare da ya faɗi ba. Ka sa wannan a tambayoyinka, kai ma ka bincika ko kana ɗauke da rabin sikilar.

Ranar jarrabawar aiki ka zo da kayanka a jere yadda ka saba: safar roba fiye da biyu a aljihun da hannunka ya sani, almakashi, ƙyallaye masu kusurwa uku a naɗe, agogo mai nuna daƙiƙa, ƙaramin littafi da fensir, domin biro na daskarewa. In ka tuna ka tsallake wani mataki, ka faɗa ka koma ka yi, yawancin matakai ana karɓar su a makare muddin ba ka cutar da majiyyacin ba. In kanka ya ɗauke gaba ɗaya, ka koma farko da murya: hanyar iska, numfashi, jini. Kafin ka kai na ukun zaren ya dawo hannunka. Wajen ɗora shi a tobogan, abin da aka saba shi ne wurin raunin ya kasance ta sama: mai ciwon ƙafa kansa na kallon gangare, mai bugun kai ko wahalar numfashi kansa ta tudu. Kada ka bar majiyyaci sai ka miƙa shi ga wanda ya kai ka horo ko ya fi ka, da bayani a taƙaice: wane ne, me ya faru, me ka samu, me ka yi, da awon da ka ɗauka da lokutansu. In an ce ka sake wani sashe na jarrabawar, ka tambayi ainihin matakin da ya kuɓuce maka, ka tambayi shugaban kwas ɗin ƙa'idar sakewa.

Bayan ka ci, shaidar ta shekara uku ce, da sharaɗin halartar bita kowace kaka, wadda aka kasa gida uku yadda cikin shekara uku za a zagaye manhajar duka. Ba lasisin aikin motar asibiti ba ce, ta aikin sintiri ce. Kuma da sauranka kafin a ba ka jar riga mai farin gicciye, sai ka yi horon tuƙa tobogan a kan ƙanƙara, da mutum a ciki, a gangare mai tsauri. Tun da ka ce shekara uku kake zamiya, ka fara gyara zamewar gefe da birkin sanduna tun ranar da aka buɗe dutse, ka kuma roƙi shugaban sintirin ya bar ka ka riƙa bin tsofaffin hannu zuwa wurin hatsari kana ɗaukar musu kaya.